Wa Zai Ba Da Baikon Masai?

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa ba ta da daɗin faɗa a gaban jama'a, amma dole ne a faɗe ta. Duk sa'ad da aka yi shelar taimakon 'yan gudun hijira, abin da ke taruwa shi ne hatsi da tufafi da barguna. Madalla da wannan. Sai dai a shekarun da na yi ina hidima, ban taɓa jin wani ya miƙe ya ce, ga baikona domin a haƙa masai ba. Abin da ya sami mutanen Suriya ya isa ya sa mu sake tunani.

Yaƙi ya ɓarke a Suriya a 2011. A watan Yuli na 2012 aka buɗe sansanin Za'atari a arewacin ƙasar Jodan, wadda muka fi sani da Urdun, kusa da iyaka. Wurin hamada ne, ba komai sai ƙura da iska. Kafin shekara ta zagayo mutane sun haura dubu 100, yawancinsu daga yankin Dar'a, daga baya suka tsaya wajen dubu 80 shekara da shekaru. Jodan kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin ruwa a duniya. Ko a Amman, babban birninta, gidaje da yawa sau ɗaya a mako famfo ke kawo musu ruwa, su tara a tanki a kan rufi. Mai masaukin kansa da ƙishi yake kwana.

Da fari motocin tanki ne suke kawo ruwa, waɗansu kuma su kwashe ƙazanta. Aka gina masai da wuraren wanka na taron jama'a. Ƙungiyoyin agaji suna da ma'auninsu: aƙalla lita 15 ga mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20. A takarda lissafi ya fita. Amma mace da 'ya'yanta mata ba sa iya ratsa duhu da tsakar dare zuwa masan da kowa ke shiga, ga kunya, ga tsoro. Waɗannan mutane ne da suka saba da ban-ɗaki a cikin gidajensu kafin yaƙi. Sai suka shiga kwance bulo da famfo daga gine-ginen, kowa ya haƙa ɗan raminsa a bayan ɗaki. Waɗansu sun kira wannan ɓarna. A ganinmu, magidanci ne yake rufa wa iyalinsa asiri da abin da ya samu, tun da ba a tambaye shi ba kafin a yi ginin.

Abin ya zo da nasa lahani, don ruwan ƙazanta ya riƙa kwanciya a lungunan da yara ke wasa. A ƙarshe masu agaji ne suka bi ra'ayin mutane. Hukumar UNICEF, da kuɗin ƙasar Jamus da waɗansu, ta shimfiɗa bututu daga rijiyoyin burtsatse zuwa gida-gida, da wani bututun da ke kai ƙazanta wurin tacewa. An kammala a 2019, shekara bakwai ke nan da buɗe sansanin da aka zaci na ɗan lokaci ne.

A Lebanon ba a kai ga haka ba. Gwamnati ta ƙi yarda a kafa sansani na hukuma, sai mutane suka kafa tantuna a gonakin haya a kwarin Beka'a da yankin Akkar, ba izinin gini mai ɗorewa, ruwa sai ta mota. A watan Satumba na 2022 kwalara ta ɓulla a Suriya. A watan Oktoba ta bayyana a Akkar, karo na farko a Lebanon tun 1993.

Gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi a watan Disamba na 2024, kuma zuwa Satumba na 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan gudun hijira miliyan ɗaya sun koma gida. Mun yi murna. Amma a 2025 ɗin ne Amurka da waɗansu ƙasashe suka zabtare kuɗin agaji, alhali injin ruwa bai san an daina yaƙi ba. Wanda gidansa ya rushe bai tashi daga sansani ba tukuna.

Ba baƙon labari ba ne a gare mu. A 2017 kwalara ta shiga sansanin Muna a Maiduguri, kuma da yawa cikinmu muna da dangi da suka ɗanɗana zaman sansani. Saboda haka muna roƙon kwamitocin agaji na ikkilisiyoyi, in an tara taimako na gaba, a ware kashi domin sabulu, da jarka mai murfi, da masai mai ƙofa da sakata da fitila. Kafin a sa diga a ƙasa kuma, a kira matan sansanin su nuna inda za a haƙa.