KEWAR ZAMANIN AKWATIN REDIYO: MENE NE AINIHIN ABIN DA MUKA RASA?

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, a 'yan shekarun nan duk inda sa'o'inmu suka taru, wato mu da muka yi wayo bayan an ƙare yaƙin basasar Nijeriya a watan Janairun 1970, ko wurin ɗaurin aure ne ko zaman makoki, da wuya a tashi ba a faɗa hirar da ba. Wannan ya tuno Zaɓi Sonka, wancan ya kwaikwayi muryar Samanja, wani kuma ya zaro wayarsa ya kunna tsohuwar waƙar da aka turo masa, sai ka ga dattijo mai furfura yana kaɗa kai, idonsa ya ciko. Daga nan sai a yanke hukunci baki ɗaya, a ce zamaninmu shi ne zamani, yaran yanzu kuwa sun lalace. Mu ma muna cikin masu wannan kewa, ba mu ware kanmu ba. To, amma hukuncin ne muke so mu tsaya a kansa, domin shaida ce muke bayarwa a gaban 'ya'yanmu da jikokinmu, kuma ba ya halatta ga mai shaida ya faɗi rabi ya haɗiye rabi.

Bari mu fara da abin da ya yi daɗi, don kuwa ya yi. A unguwanninmu na wancan lokaci rediyo dukiya ce. Ana ɗinka masa riga ta fata, ana ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, in batir ya yi sanyi a shanya shi a rana ko ya ƙara kwana biyu. Maigida ne yake murɗa shi, ba wani ba. Da asuba bayan an fito masallaci za ka ji shi yana laluben Landan a gajeren zango, cikin ƙara da shuu, domin Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, daga baya Jamus ta shigo, Muryar Amurka kuma ta fara Hausa a 1979. Amma gidan da ya zama namu na kanmu shi ne Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da talabijin ɗinsa a 1962. Ƙarfin muryarsa ya wuce iyakar Nijeriya, har masu gaisuwa a Zaɓi Sonka sukan aiko da kati daga Maraɗi da Damagaram da Kumasi da Garwa, ana jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa da ba mu taɓa wuce tashar motar garinmu ba a nan muka fara sanin cewa Hausa tana da faɗi. A nan muka ji Jakar Magori, a nan iyayenmu mata suke barin tsintsiya su saurari Zaman Duniya Iyawa Ne. In azumi ya zo kuma, tafsirin marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello yana shiga har ɗakunan da mai wa'azi bai taɓa takawa ba, masu yarda da masu musu duk suna kasa kunne, gobe a wayi gari ana muhawara a zaure. Mata da yawa da ba a kai su makaranta ba daga wannan akwati suka fara jin ma'anar abin da suke karantawa a salla. Wannan alheri ne babba, ba mu da bakin musa shi.

Talabijin kuwa sai daga baya ta iso mana, duk da cewa tun 1959 aka buɗe ta farko a Ibadan. A yawancin unguwanni gida ɗaya ne ko biyu suke da ita, baƙi da fari, a cikin akwatin katako mai ƙofa da makulli. Da la'asar sakaliya ake buɗe tashar, kafin nan ba abin da ke fuskarta sai yayyafi. Yara mu cika tsakar gidan mai ita, na gaba a zaune, na baya a tsaye, wanda bai wanke ƙafa ba a kore shi, wanda ya yi faɗa da ɗan gidan da rana kuwa ya san ranar ba shi ba kallo sai ta taga. Muka kalli Samanja Mazan Fama, wanda marigayi Usman Baba Pategi yake fitowa a ciki, shi da ma tsohon soja ne, ya san bariki ciki da bai. Muka kalli marigayi Ƙasimu Yero, muka kalli kokawar Turawa muna rantsuwa gaskiya ce. Dare ya yi a buga taken ƙasa, a rufe, kowa ya nufi gidansu.

Haƙiƙa duk wannan ya faru, kuma wanda bai gani ba ba zai san daɗinsa ba. Sai dai akwai ragowar shaidar, wadda ba a cika kawowa a zaman hira ba.

Mu 'ya'yan bayan yaƙi ne, amma ba a gaya mana yaƙin ba. Mun ga yayyenmu sun dawo da kaki, waɗansu da sanda, waɗansu da tunanin da bai sake daidaita ba, mun kuma san gidajen da aka jira ɗa har aka gaji. Mun ga maƙwabta 'yan ƙabilar Ibo sun dawo Sabon Gari sun sake buɗe shagunansu, ba wanda ya zaunar da mu ya ce mana ga abin da ya kore su a 1966, ga kuma yunwar da ta kashe ƙananan yara irinmu a can gabas. Akwatin da muke kewa bai faɗa mana ba, don na gwamnati ne, abin da gwamnati ta ga dama shi yake faɗa. Dalilin da ya sa iyayenmu suke wahalar laluben Landan ke nan. Mun yi dariyar Samanja, dariyar kuwa halal ce, amma bariki na gaske ba abin dariya ba ne a shekarun nan. Wanda ya isa hankali ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976 bai manta yadda kiɗan soja ya katse shirye-shirye da safe ba, da yadda fuskokin manya suka canza kafin a tabbatar an kashe Janar Murtala Muhammad. Tun daga ranar muka koyi cewa in aka ji wannan kiɗa a rediyo, to, a shiga gida.

Haka nan fārin 1973. Muna yara muna ganin baƙi daga arewa, daga ƙasar Nijar da bayanta, sun iso da 'yan ƙullin kayansu bayan dabbobinsu sun ƙare, suna zaune a bakin masallatai. Bayan shekara biyu cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta fara zama labari. A daidai wannan lokaci ne kuɗin man fetur suka ɓarke, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975 haɗe da bashin watanni, kuma da waɗannan kuɗi ne aka sayi talabijin da yawa daga cikin waɗanda muka yi cincirindo a gabansu. Ma'aikaci ya sayi babur da rediyo mai kaset, manomi kuwa ya tarar da farashin kaya ya tashi, ba wanda ya ba shi ƙarin komai. Yaro ba ya ganin wannan. Amma dattijon da yaron ya zama, ba shi da uzurin rashin gani.

Sai batun waƙa, inda kewar ta fi ƙarfi, kuma inda aka fi rufe ido. Ba mu musun baiwar da Allah Ya yi wa mutanen nan. Hausar da ke bakin Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Alhaji Mamman Shata taska ce, mai nazarin harshe ba zai wadatu da barinta ba. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa ya yi wa yaron mota da lebura waƙa a lokacin da ba mai kallonsu, ya kuma soki auren dole tun ba a fara tarurruka a kansa ba. Duk sun riga mu gidan gaskiya, Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, Allah Ya gafarta musu. To, amma ashe ba a cikin faya-fayen zamanin ne aka wasa masu kuɗi ba tare da an tambayi inda suka samo ba? Ba a ciki ne aka yi wa wanda ya hana kyauta zambo har ya kasa fita kasuwa ba? Ba a ciki ne aka ƙawata shan giya da zaman bariki ba? Malamanmu na lokacin sun yi magana a kan haka, da ƙarfi kuwa, kuma iyayenmu da yawa ba sa barin a kunna irin waɗannan a gidajensu. Wanda ya ce waƙar da duk tarbiyya ce, ta yanzu kuma duk ɓarna, ko dai ya manta, ko kuwa yana so a manta. Finafinan Indiya ma da ake zargin 'yan fim ɗin Hausa da kwaikwayo, wa ya cika gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos domin kallonsu? Wa ya haddace waƙoƙinsu ba tare da ya san ma'anar kalma ɗaya ba? Mu ne. Lokacin da aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, ƙasar da aka shuka shi a kai mu muka share ta.

Idan haka ne, me ya sa muka tashi da sauran kunya da ladabi, har muke ganin mun fi na bayanmu? A ra'ayinmu amsar ba ta cikin abin da akwatin yake faɗa, tana cikin yadda ake sauraronsa. Akwatin guda ɗaya ne, a tsakar gida yake ko a zaure, kuma hannun babba ne a kan maɓallinsa. Abin da yaro ya ji, uwarsa ta ji, kakarsa ta ji. In mawaƙi ya saki baki, nan take za a ji tsaki daga bayanka, ko a ce "a'uzu billahi", ko a murɗe tashar gaba ɗaya, kuma wannan tsaki darasi ne da ya fi bulala shiga jiki. In an kira magariba a kashe, ba shawara. In wasan kwaikwayo ya ƙare a yi ta maimaita shi, kaka ta ce wance ba ta kyauta wa kishiyarta ba, uba ya ce ai mijin ne sakarai, yaro yana gefe yana koyon yadda ake auna hali. Sa'an nan tashar da kanta tana da lokacin barci. Ba wanda ya isa ya kwana yana kallo, ko ɗan sarki ne, don babu abin kallon.

Mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne: yawancin wannan tsari ba hikimarmu ce ta kawo shi ba, rashi ne ya yi mana gadi. Da iyayenmu suna da halin saya wa kowane ɗaki akwatinsa, Allah kaɗai Ya san abin da za su yi. Mu dai da muka sami hali an ga abin da muka yi. Mu ne muka shigo da bidiyo a shekarun 1980, muka kafa tauraron ɗan'adam a kan rufi a shekarun 1990, muka mai da talabijin daga tsakar gida zuwa ɗakin barci. Da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi mun yi murna, kuma murnar tana da hujja, don talaka ya sami inda zai kai kukansa. Da wayar salula ta zo a 2001, ta rikiɗe daga baya ta zama rediyo da talabijin da silima a dunƙule, mu ne muka saya muka miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu, da abin toshe kunne, don ya bar mu mu huta. Yaron nan bai rushe zaure ba, bai ma tarar da shi ba. Yanzu yana ɗaki shi kaɗai da ƙarfe biyun dare, yana jin abin da ba mai yi masa tsaki a kai, mu kuma muna falo da tamu wayar muna tura wa juna waƙoƙin 1975 muna cewa yara sun lalace. Subhanallahi! Wannan wace irin shari'a ce, da mai laifi ya hau kujerar alƙali?

Ba muna kira a koma baƙi da fari ba ne, wannan ba mai yiwuwa ba ne, kuma wayar nan da ita ɗalibi yake sauraron karatun malamin da ke wata ƙasa, da ita uwa take ganin ɗanta da ke ci-rani. Abin da muke cewa shi ne, abin da rashi ya yi mana kyauta, yau sai mun yi shi da niyya, kuma zai yi wuya. Gida ya sa lokacin da ake rufe tasha, ya shafi uba kafin ya shafi ɗa. Abin da za a kalla a fito da shi fili a kalla tare, ko da bai yi wa babba daɗi ba, domin ba ka gyara abin da ba ka gani ba. In kuma za mu ba yara labarin zamaninmu, mu ba su duka, da Zaɓi Sonka da fārin 1973, da Samanja da maƙwabcin da ya gudu a 1966.

Akwai kuma wani aiki da ba zai jira ba. Sojojin da suka dawo a 1970 suna samari, waɗanda suka rage a cikinsu yau sun haura saba'in da biyar, haka ma matan da suka jira su, haka ma ma'aikatan farko na gidajen rediyon nan. Kusan kowace unguwa tana da ɗaya ko biyu, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu komai. Wayar da ke aljihun jikanka tana ɗaukar murya fiye da duk na'urar da Rediyon Kaduna ya mallaka a 1962. Ka kama hannunsa bayan sallar la'asar ku je ku gai da tsohon, ku zauna a tabarmarsa, kai ka yi tambaya, yaron ya riƙe wayar.