Ciwon da ya ƙi magani, da wanda bai taɓa ganin magani ba

A shekarar 2005 Helen Mayberg da abokan aikinta a Toronto suka wallafa sakamakon wani gwaji: mutum shida masu ciwon damuwa mai tsanani, an huda ƙoƙon kansu, an zura siririyar waya zuwa wani lungu na ƙwaƙwalwa da ake kira yanki na 25, an haɗa ta da batir da aka binne ƙarƙashin fatar ƙirji. Huɗu suka samu sauƙi. Dabarar ta riga ta kafu wajen masu ciwon karkarwa na Parkinson, amma a kan damuwa babban gwajin da ya biyo baya a Amurka an dakatar da shi a 2013, domin bai nuna amfanin da aka zata ba. Har yau bincike ake yi.

Abin da ya tsaya mini shi ne sunan da likitoci ke ba waɗannan majiyyata: masu ciwon da ya ƙi magani. Ma'anarsa a ƙa'ida, an gwada aƙalla magunguna biyu, kowanne da cikakken awo da isasshen lokaci, ba a dace ba. To, a Nima da Maamobi, su wa suka kai wannan matsayi? Matar da ta daina fita kasuwa, ta daina cin abinci, sai a ce sammu ne ko iskoki, ko a ce ta rasa tawakkali. Asibitin masu taɓin hankali na Accra, wanda aka buɗe tun 1906, ba shi da nisa da mu, amma sunansa kaɗai kan hana dangi zuwa, don gudun kada a ce gidansu akwai mahaukaci, 'yan matan gidan su rasa mijin aure.

Ban ga laifin addu'a da ruƙiyya ba. Ni ma ina yi. Laifin shi ne a tsaya a nan. Amfanin labarin Mayberg gare mu, a ganina, hujja ce: idan wutar batir na iya ɗage baƙin cikin shekaru, ashe ciwon yana da mazauni a jiki, kamar hawan jini.

Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012, kuma a 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka. Saura limamanmu da sarakunan zango su faɗa a fili cewa kai mai damuwa wurin likita ba tonon asirin gida ba ne.