Na ga wata Nijar a bakin tekun Ispaniya

Kwana biyu kuna ta tambayata labarin tafiyar da na yi Ispaniya, wasu har cewa suke in sako hotuna. Hotunan suna nan cikin salula. Amma na ga in na zuba muku su babu bayani, na yi muku ƙarya ko da ban buɗe baki ba.

Ni da wani abokina tun na lakwal, wanda ya daɗe da zama can, muka ɗauki mota daga Tarifa, garin da ke can ƙarshen kudancin ƙasar, muka bi bakin teku muka nufi gabas, tafiyar kusan kilomita 400. A Tarifa in ka tsaya kana hango duwatsun Maroko da idonka, don inda ruwan ya fi matsewa kilomita 14 ne kawai. Kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Amma Allah kaɗai ya san ƴaƴan mutane nawa wannan ɗan ruwan ya ci.

Gaba kaɗan muka wuce dutsen Jibraltar, wato Jabal Ɗariƙ, sunan Ɗariƙ bin Ziyad da ya ƙetaro da rundunarsa a shekara ta 711. Daga nan sai Marbella da Malaga. To, nan ne Ispaniyar da kuka sani a Facebook da TikTok: gudron sumul, otal-otal, itacen dabino, jiragen ruwa na masu kuɗi. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan rage masa komai ba. Duk wanda ya tsaya nan ya ɗauki hoto, ko yunwa yake ji, sai ka rantse minista ne.

Sai dai hanyar ba ta ƙare a Malaga ba. In ka ci gaba ka doshi El Ejido da Almeriya, sai ka ga ƙasa ta koma fari fat, hagu da dama, har gindin duwatsu. Leda ce. Rumfunan noma ne da aka lulluɓe da leda, sama da eka dubu 30 a lissafin hekta, har daga sararin samaniya ana ganinsu. A ciki ake noma tumatir da tattasai da kokwamba da kankana da ake lodawa kamiyo zuwa Jamus da Faransa da Ingila. Masu aikin kuwa, da yawansu ƴan Maroko ne da Mali da Senegal da sauran ƙasashenmu. Na shiga rumfa ɗaya, minti goma ban yi ba na fito. Ni da na saba da ranar watan Afrilu a gida, wallahi wannan zafin daban ne, babu iska ko kaɗan.

Bayan Almeriya sai na ga allo a bakin hanya an rubuta Níjar. Na yi dariya na ce wa abokina, ashe mun iso gida. Su "Nihar" suke faɗi. Shi bai yi dariya ba, sai ya sauka daga gudron ya bi wata hanyar ƙasa. Can na ga bukkoki na katako da tsohuwar leda, babu famfo, wuta sai ta sata, samari na tafe kan keke da jarkar ruwa. Nan marasa takarda suke kwana. Wanda ba shi da takarda ba ya da bakin cewa an rage masa kuɗin yini, kuma kafin ya iya neman izinin zama ta hanyar daɗewa a ƙasar, sai ya shekara aƙalla biyu a haka. A El Ejido ɗin da muka wuce ma, a watan Fabrairu na 2000, mutanen gari sun yi kwanaki suna farautar ma'aikata ƴan Maroko suna ƙona musu wuraren zama.

Ga inda nake so in je. Yawancin hotunan da ƴan uwanmu ke turowa daga can, a Malaga ake ɗaukarsu, amma a Níjar ake kwana. Yaro a Tasawa ko Matamaye ya ga hoto, ya matsa wa uwa ta sai da tumaki, uba ya jinginar da gona, ya kama hanyar Agadas. Shawarar rai da mutuwa ya yanke a kan rabin labari.

Na san abin da wasu za su ce: malam, kai ka je da biza ka dawo, yanzu kana hana wasu. Ban hana kowa ba. Na san gidajen da kuɗin waje ya gina, na san kuma zaman banza a fada yana kashe zuciya. Abokina ma ya samu takarda, yana aiki, yana taimakon iyayensa. Amma shekarun da ya yi kafin nan, ko mahaifiyarsa bai taɓa gaya wa ba, sai ranar nan cikin mota ya faɗa mini. Kunya ce ta rufe masa baki, kuma wannan kunyar ce ke jawo na baya.

Don haka roƙona ga ƴan uwa da ke can: in ƙanenka ya tambaye ka, gaya masa nawa kake samu a yini, nawa kake biyan ɗaki, wata nawa ka yi babu aiki, su wa kuka tashi tare ba su iso ba. In ya ji duka ya ce zai tafi, to ya tafi da idonsa buɗe. Mu kuma na gida mu daina auna ɗa da abin da ya turo, har wanda ya dawo hannu wofi ya rasa inda zai sa kansa.

Hotunan zan sako su gobe in Allah ya kai mu, na Marbella da na Níjar, gefe da gefe. Wanda zai tura wa wani, don Allah ya tura duka biyun.