Ƙwallon kwando: Abin da ya kamata ɗan wasa ya duba kafin ya sayi takalmin wasan cikin ɗaki

A ranar 20 ga Fabrairun 2019, ba a kai minti ɗaya da fara wasa tsakanin jami'o'in Duke da North Carolina a Amurka ba, sai takalmin Zion Williamson na ƙafar hagu ya tsage gida biyu. Matashin mai nauyin kusan kilo 130 ya zame ya faɗi, ya samu rauni a gwiwa, ya kuma rasa wasanni da dama. Takalmin na kamfanin Nike ne, kuma washegari darajar hannun jarin kamfanin ta ɗan faɗi.

Idan hakan ya faru da ɗan wasan da ke da likitoci a gefensa, ina ga yaron da ya tara kuɗi wata da watanni ya sayi takalmi ƙafa ɗaya tak?

Tambayar ta ƙara nauyi a Najeriya yanzu. Ƙwallon kwando na samun karɓuwa, musamman bayan D'Tigress ta kai zagayen kwata-fainal a gasar Olympics ta Paris a 2024, abin da babu wata tawagar Afirka ta maza ko ta mata da ta taɓa yi, sannan ta lashe kofin AfroBasket karo na biyar a jere a Abidjan a 2025. Amma a daidai wannan lokaci naira ta karye. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a kusan naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Takalman manyan kamfanoni kuwa yawanci tsakanin dala 100 zuwa 200 ake sayar da su. Kowa ya yi lissafi.

Sirrin yana ƙasan takalmi

Matasa da yawa sunan tauraron da ke jikin takalmi suke bi, ko launinsa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɓangaren da ba a gani, wato tafin da ke taka ƙasa.

Filin wasa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Ba gudun dogon zango ake yi a cikinsa ba. Birki ne, da juyi, da tsalle, da kaucewa gefe cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ake yin takalmin cikin ɗaki da roba mai laushi da siraran layuka, galibi masu zanen ƙashin kifi, don su kama daɓen katako mai sheƙi ta kowace fuska. Ƙarar "ƙii-ƙii" da ake ji a talabijin daga nan take fitowa.

To a nan matsalarmu take. Yawancin 'yan wasa a Kano da Kaduna da Zariya a kan siminti suke atisaye, a filayen makarantu da na unguwa. Shiga rufaffen ɗakin wasa sai ranar gasa. Siminti kuwa cin roba mai laushi yake yi kamar magagari. Takalmin da aka yi wa katako, idan aka riƙa buga shi a waje, ba a daɗewa layukansa suke shafewa. Ranar da aka shiga ɗaki da shi sai ya zama kamar an taka sabulu.

Ga kuma ƙura. Da hunturu babu ɗakin da take ƙyalewa, kuma ita ce ke cike tsakanin siraran layukan nan. Ko a NBA za ka ga 'yan wasa na goge tafin takalmi da hannu a tsakiyar wasa. A filin da ba a gogewa kullum, takalmi mai layuka masu zurfi da tazara ya fi wanda ya ninka shi tsada amfani.

Dogon wuya ko gajere?

An daɗe ana ganin takalmi mai dogon wuya ne ke hana targaɗe. Kobe Bryant ya girgiza wannan tunani a 2008 lokacin da ya fito da takalmi mai gajeren wuya, yana mai nuni da 'yan ƙwallon ƙafa da ke juyi da irinsa. Binciken likitocin wasanni bai nuna ƙarara cewa tsawon wuya kaɗai na kare idon sawu ba. Abin dubawa shi ne ko dunduniya ta zauna daram ba ta zamewa, kuma ko gaban takalmin na da faɗin da zai hana ƙafa birkicewa.

Gwanjo da jabu

A ganina gwanjo mai kyau ya fi sabon jabu. Jabun na iya kama da na asali har ba ka bambancewa a hoto, amma gam ɗinsa da sosonsa ba a yi su don ɗaukar saukar ƙato daga tsalle ba. Shi ma gwanjon da sharaɗi: soson ciki na mutuwa ko da saman na ƙyalli. Ka danna shi da babban yatsa, idan bai dawo ba, gwiwarka ce za ta ɗauki nauyin. Ka lanƙwasa shi ka ga ko gam ya fara saki, ka murɗa tsakiyarsa, bai kamata ya murɗu kamar tsumma ba.

Ba abin kunya ba ne rashin mai tsada. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, karɓa-karɓar takalmi ɗaya yake yi da yayansa Thanasis suna yara a Athens, kafin Nike ta fitar da takalmi da sunansa a 2019.

Wanda ke da hali ya raba biyu: mai tauri kuma mai araha na siminti, mai laushi na ɗaki, a ɗauke shi a jaka kada a taka titi da shi. Lokacin saye kuma a gwada da yamma, sa'ilin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi wasa da ita, a bar tazarar faɗin babban yatsa a gaba.