Lu'ulu'u Ba Daga Kwal Ya Fito Ba

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai lu'ulu'u, ko daimon, kwal ne da ƙasa ta danne har ya rikiɗa. Kada ku rubuta haka a jarrabawa. Kwal daga tsoffin itatuwa da tsirrai ya samu, alhali yawancin lu'ulu'u ya girmi tsirran doron ƙasa nesa ba kusa ba. Shekarunsa daga biliyan 1 ne zuwa sama da biliyan 3.

Abin da ya haɗa su shi ne sinadarin kabon, wanda shi ne kuma baƙin abin da ke cikin fensirinku, wato girafait. Bambancin yana ga yadda ƙwayoyin kabon suka jeru. A fensir shimfiɗa-shimfiɗa suke, suna zamewa a kan takarda. A lu'ulu'u kuwa kowace ƙwaya ta riƙe wasu huɗu kam, shi ya sa ake yanka gilashi da shi. Wannan jeri yana samuwa ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, inda zafi ke kaiwa digiri 1,000 ko fiye, ga kuma nauyin duwatsun da ke sama. Ku ƙiyasta nisan Kano zuwa Zariya, amma a tsaye zuwa ƙasa!

Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ne da 'yan kai. To, wa ya kawo mana shi? Wani irin aman wuta ne na zamanin da, mai cike da iskar gas, ya tsaga ƙasa ya kwaso shi. Saurin nan shi ne ya fi burge ni. Da a hankali ya taso cikin wannan zafi, da ya koma girafait kafin ya iso.

Dutsen da ya daskare a hanyar ana kiransa kimbalait, daga sunan garin Kimbali na Afirka ta Kudu, inda aka fara haƙar babban rami a 1871. Ba kowane kimbalait ke da lu'ulu'u ba, kaɗan ne ma ke biyan kuɗin haƙa. Wani lokaci ruwa kan zaizaye dutsen ya kwashe lu'ulu'un zuwa rafuka. Irinsa ne ake tacewa daga tsakuwa a Akwatiya ta Ghana, a yankin kogin Birim.