Arzikin Mutane: Daga Ayarin Goro Zuwa Kasuwar Arzeke

A wannan fitowa za mu tsaya a kan wata tambaya da wani matashi ya yi mana bayan sallar Juma'a. Ya ce, me ya sa mutum biyu za su fara ciniki da jari ɗaya, a layi ɗaya cikin kasuwar Arzeke ta Faraku, amma bayan shekara biyar ɗaya yana loda mota zuwa Malanbil, ɗayan kuwa yana nan a rumfar da ya fara? Mun ce masa arziki na Allah ne, Shi ke rabawa yadda Ya so. Amma Allah Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma babban sababin da tarihin garuruwan nan namu ya nuna shi ne mutane: wa ka sani, wa ya yarda da kai, kuma wa zai tsaya maka a garin da ba a san fuskarka ba.

Mu koma baya kaɗan. Goro ba ya fitowa a Jugu, ba ya fitowa a Faraku. A dazuzzukan Asante yake, masu cinsa kuwa suna Kano da Katsina da Sakkwato da Barno. Abin da ya raya garuruwanmu shi ne sun faɗo a tsakiya. Ayarin fatake yakan taso daga ƙasar Hausa da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Nikki ko Faraku, ya yada zango a Jugu, sannan ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja inda ake haɗuwa da goro. A shekarar 1826 Bature matafiyi Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kayama, cikin ƙasar Bargu, yana dawowa daga Gwanja da mutum fiye da 1000. Tafiya ce ta watanni, ga fashi a hanya, ga kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, ga shi kuma goro kaya ne mai lalacewa in ba a kwance huhu an tsince an yayyafa ruwa a kan kari ba.

Yaya aka yi irin wannan ciniki ya ɗore ba banki, ba waya, ba kotun da hukuncinta ya ratsa daga Kano har Salaga? Da tsari aka yi shi. Ayari yana da madugu mai shugabanci da yin magana da sarakuna, da jagaba mai sanin hanya da mashaya, da malami mai rubutu da jan salla. A kowane zango kuma akwai fatoma, wato mai masauki. Shi ne zai sauki baƙo, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, in an sayar bashi ya tsaya a matsayin lamuni. Baƙon bai san mai saye ba, mai saye bai san baƙon ba, amma dukansu sun san fatoma, shi kuwa ya san ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga ayari isa Kano, gidansa ya mutu. Saboda haka unguwar Wangara ta kafu a Jugu kusa da Kilir ta sarauta, Dendanci ya zama harshen kasuwa, Hausa ta zama harshen hanya, masallaci da makarantar allo suka haɗa baƙi da 'yan gari a kan ƙa'ida ɗaya ta halal da haram.

Sai hanya ta juya. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, goro ya fara kauce wa Salaga. A 1892 yaƙin basasa ya watsa garin, fatake suka bazu zuwa Kete-Karachi da wasu zanguna. Bayan haka jirgin ruwa ya soma ɗaukar goro daga Akkara zuwa Ikko, kuma daga 1912 jirgin ƙasa yana kai shi har Kano. Jakin da ke shafe watanni ba zai yi tsere da wannan ba. Wanda duk arzikinsa hanyar ce, ya tafi tare da ita. Wanda arzikinsa mutane ne, ya kwashi mutanensa ya koma sabuwar hanya. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa fataken goro, yana cikin waɗanda suka rungumi hanyar teku. Da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, yaransa da wakilansa na ƙauyuka su ne suka zama masu saya masa. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Kaya sun sauya daga goro zuwa gyaɗa, amma igiyar da ta ɗaure cinikin ita ce dai ta dā.

Faraku ma ta ci moriyar wani juyin. A shekarun 1930 layin dogo daga Kutanu, mai tsawon kilomita 438, ya iso nan ya tsaya. Tunda bai wuce ba, dole duk kayan Nijar a sauke su daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Kandi da Malanbil da Gaya, gyaɗar Maraɗi kuma ta biyo hanyar ta gangara teku. A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da wannan sufuri. Nan take aikin fatoma ya dawo da sabuwar riga: mai sito, ɗan kamasho a tasha, wakilin alhajin Maraɗi ko Damagaram mai karɓar kaya ya biya direba. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, da ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya lura cewa su kansu ba da kuɗi kaɗai suke auna attajiri ba, har da abin da suke kira arzikin mutane, wato yawan barorin da ubangida zai iya aikawa Kano ko Kutanu ya kwanta barci hankalinsa kwance.

Mu da muke raye yau mun ga irin wannan juyi har sau biyu da idonmu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, shinkafa ta yi kwantai a sito-sito. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar Malanbil da Gaya, motoci suka yi jerin gwano kaya na ruɓewa a ciki. Ko da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso. Gidaje nawa ne a Zongo da sauran unguwanni tukunyarsu ta dogara da wannan gada? A cikin wannan ƙunci mun lura da abu guda. Waɗanda suka fi saurin farfaɗowa ba lalle su ne masu babban jari ba. Su ne waɗanda ke da amini a Lome ko Wagadugu, da wanda zai ɗaga musu ƙafa a kan bashi wata uku don ya san ba su taɓa yi masa ƙarya ba, da waɗanda suka saba da manoman doya da kaju da waken soya na karkara tun kafin buƙata ta taso. Zumunta a ƙafa take, kuma ba ranar wahala ake fara ta ba.

Amma kada mu yabi wannan tsari mu rufe ido ga cutarsa. Igiyar da ke ɗaure jama'a takan shaƙe su. Cuta ta farko ita ce ɓoye farashi. A kasuwar shanu, dillali yakan raba mai dabba da mai saye, ya faɗa wa wannan kuɗi dabam, wancan dabam. Makiyayan Gogunu, a kan hanyar Kandi, sun gyara wannan da kansu: suka ce mai saye da mai sayarwa su yi ciniki ido da ido, tsofaffin dillalai su zama shaidu, a rubuta ciniki a takarda, a biya kuɗin shaida sananne. Ba a kori kowa ba, kasuwa ta ƙara cika, wasu garuruwa suka kwaikwaya. Cuta ta biyu ita ce tsayawa a kan dangi kaɗai. Idan duk wanda ka sani ɗan unguwarku ne, to labarin da ka sani shi ma ya sani, kuma ranar da hanya ta toshe tare za ku zauna. Kakanninmu sun yi hulɗa da Bariba da Yom da Fulani da Yarabawa da Asante, ba su ce sai mai jin Hausa ba.

Cuta ta uku ita ce ta fi damunmu, domin a cikin gidaje take ɓarna. Mun sha ganin attajiri ya rasu da dukan lissafinsa a ka. Wane yana riƙe da buhu ɗari, wane an ba shi jari a raba riba, wane ajiya ya kawo, amma babu ko layi ɗaya a rubuce. Bayan sadakar bakwai masu bin bashi su zo, waɗanda ake bi su yi shiru, marayu su tashi da suna ba dukiya, zumuncin shekara arba'in ya ƙare a gaban alƙali. Alhali aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, garkuwar yarda ne.

Yau waya ta sauƙaƙa abin da dā sai an yi wata ana tafiya. Ana tura hoton kaya ta WhatsApp, ana aika kuɗi ta waya cikin minti ɗaya. Wannan alheri ne, amma waya tana kai saƙo ne kawai, ba ta tsaya wa kowa lamuni. Kafin mu tura kuɗi ga lambar da ba mu san mai ita ba, mu tambayi abin da bafatake zai tambaya: wane ne mai masaukinsa, wa ya san shi?

Don haka muna kira ga iyaye maza da su riƙa tafiya da 'ya'yansu wajen abokan ciniki, su gabatar da su, su buɗe musu littafin lissafi tun suna da rai da lafiya. Iyayenmu mata masu adashi da dillalai masu shiga gida-gida, ku ma ku sa yarinyar da ta yi makaranta ta rubuta zubi da kwasa, kowa ta san ranarta. Ku kuma matasa, ku biya ƙaramin bashi a kan lokaci, domin shi ne ke buɗe ƙofar babba, kuma kada ku raina yaron mota ko ɗan dako, gobe shi ne zai kawo muku labarin farashin wata kasuwa.

Ga matashin da ya yi mana tambaya, amsarmu ke nan. Je ka duba wancan da ke loda mota, ka ƙirga mutanen da za su ba shi kaya ba tare da ya ajiye ko dala ba, sannan ka tambayi shekara nawa ya yi yana cika musu alkawari. Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya ba mu ikon riƙon amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.