Tsohuwar Riga Ba Shara Ba Ce: A Mayar Da Gwanjo Walkin Girki

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wannan karin magana shi ne ginshiƙin abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa, wato yadda za mu ci moriyar tsofaffin kayan gwanjo ta hanyar mayar da su rigar kare jiki a wajen girki da sauran sana'o'i. Ra'ayina shi ne, wannan ƙaramin ɗinki na cikin gida ya cancanci a koya wa kowane yaro da yarinya, kuma a daina yi masa kallon aikin matsiyata.

Da farko, mu dubi sunan. Ni da na tashi a Nangere da harshen Karekare a bakina, na tsinci Hausa a kasuwa da makaranta, kalmar gwanjo ta daɗe tana ba ni sha'awa. Hausawa kan ce "an yi gwanjon kaya" idan an sayar da su ga wanda ya fi taya su da tsada a bainar jama'a. Yau kuwa, da an ce gwanjo, tufafin da aka riga aka sa a ƙasashen Turai da Amurka ne ke faɗowa a rai. A kudancin Nijeriya ana kiran su okirika, sunan wani gari mai tashar ruwa a Jihar Ribas. Mutanen Gana kuma suna kiran su da sunan da ke nufin kayan Baturen da ya mutu. Ka ga kowace al'umma ta raɗa musu suna gwargwadon yadda take kallon su.

Shi kuma abin da ake ɗaurawa a gaba lokacin girki, wasu na ara masa sunan Turanci su ce efuron. A ganina babu buƙatar aro. Bahaushe yana da walki tun kaka da kakanni, wato fatar da maƙera da mafarauta kan ɗaura don kare jiki. Aikin iri ɗaya ne, fata ce kawai ta koma yadi. Saboda haka nake ba da shawarar mu riƙa cewa walkin girki. Ɗalibin harshe ya kamata ya fara lalube a rumbun gida kafin ya miƙa ƙoƙon bara.

To, ina amfanin abin? Duk wanda ya shiga kasuwar Potiskum, ko ya zaga tashar mota a Sabon Garin Nangere, zai ga masu ƙosai da awara da masa, ga mahauta da masu shayi da masu tsire. Mafi yawansu da tufafin jikinsu suke aiki. Manja da man gyaɗa da jini da toka duk a kan zane ko riga suke ƙarewa, ga tsadar sabulu, ga tsadar atamfa. Walki guda zai tare wannan ɓarna, ya kuma sa mai saye ya natsu da tsabtar abin da zai ci.

Ɗinkin kuwa ba ya buƙatar gwaninta. A samu babbar rigar maza mai maɓalli, ko tsohon wandon jins, ko siket mai faɗi. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge. Idan riga ce, sai a farke hannayen, a yanke bayan rigar domin shi ne ya fi faɗi, a rage kafaɗun ya zama saman ya fi ƙasan tsukewa. A kalmashe gefuna a ɗinke don kada zare ya zazzage. Hannayen da aka cire a tsaga su a tsaye, a ninke, a ɗinke su zama igiyoyi: biyu na ƙugu, ɗaya na wuya. Aljihun rigar kuma a ɗebe shi a maƙala a gaba, wurin ajiye canji. Mai keken ɗinki irin Butterfly ko Singer zai gama cikin ɗan lokaci, wanda ba shi da keke kuwa allura da zare sun ishe shi. Abu guda da ya wajaba a kiyaye shi ne irin yadin. A zaɓi na auduga mai kauri, a guji mai roba-roba, domin shi idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa gwanjo na cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙunmu. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ma ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Haka kuma dokar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigo da tufafin da aka yi amfani da su, amma diloli ba su daina kwararowa ta kan iyakokin Binin da Nijar zuwa kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano ba. Har ma ƙasar Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji mai nauyi, abin da ya sa Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi a 2018.

Amsata ita ce, ba ina kira a ƙaro gwanjo ba ne. Ina magana ne a kan wanda ya riga ya shigo, aka sa shi har ya koɗe, da kuma kwantan da ke ƙasan dila wanda babu mai taya shi. Idan ba a sarrafa shi ba, bola da magudanar ruwa zai nufa. Birnin Akara na Gana ya isa misali, inda tarin tsummokaran da suka yi kwantai a kasuwar Kantamanto ke ƙarewa a juji da bakin teku. Kuma ba gwanjo kaɗai ya kashe masaƙu ba, akwai rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin yadi mai araha daga Sin. Macen da ta ɗinka walki daga tsohuwar riga ba ta ƙwace wa masaƙa ciniki ba, hasali ma hannunta take horarwa a kan sana'ar da masaƙa za ta buƙata ranar da ta farfaɗo.

Wasu kuma kunya ce ke hana su, wai kada a ce sun rasa na sayen sabo. Ai iyayenmu mata ba su taɓa jefar da tsohon zane ba. Da shi suke yin gammo da majanyin goyo da tsumman sauke tukunya. Mu da muka shiga jami'a ne za mu ce mun fi ƙarfin abin da ya rufa musu asiri?

Daga ƙarshe, ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa da ta sa wannan a cikin shirye-shiryen Makon Hausa. A tara tsofaffin riguna daga ɗakunan kwana, a ɗinka, a raba wa masu sayar da abinci a harabar makaranta. A wajen aikin kuma a tattara kalmomin ɗinki, irin su kalmasa da farka da faci da ɗaurin gwarmai, kafin su ɓace daga bakin matasa. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.